Tautau a bayan firji: raga ko maganin feshi?

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga hoton ƙaton gizo-gizon da kika samu a bayan firji, da tambayarki ko ki kira masu feshi ko ki sa raga a tagogi. Ki sa raga, ki rabu da feshi.

Na cikin hoton nan tautau ne na gida, wanda masana ke kira Heteropoda venatoria. Ki duba shi da kyau: ruwan ƙasa, jiki a baje, ƙafafu sun buɗe gefe da gefe irin na ƙaguwa. In ya shimfiɗe yakan kai santimita 10, shi ya sa yake tayar da hankali. Ba ya saƙa yana, da dare yake fita farauta, kuma kyankyaso ne babban abincinsa. Farin abin nan mai faɗi da ke ƙarƙashin cikinsa jakar ƙwai ce, wato mace ce, tana yawo da ƙwai sama da 100. Sai an matse ta take cizo, cizon kuma zafi ne da ɗan kumburi, ya wuce.

Wanda ake gudu daban yake. Mai kaurin jiki ne, gashi buzu-buzu har ƙafa, in an taɓa shi sai ya ɗaga ƙafafun gaba ya nuna haƙora. A kan bishiyar kwakwar manja da kogon itace yake zama, yakan biyo itacen girki ya shigo gida. Shi kam in ya ciji mutum, balle yaro, a wuce asibitin Manhyia ko Komfo Anokye a nan Kumasi, domin cizonsa na sa jijiyoyi su riƙe da azabar ciwo. Naki ba shi ba ne.

Gidanmu a Aboabo bakin gota yake, da damina kyankyaso har cikin kwandon kwanuka, tautau kuwa yana biye da su. Wani kafinta dattijo ya buga mana raga a duk tagogi, da zai tafi ya durƙusa ya zura yatsa ƙarƙashin ƙofar kicin, ya ce, "Hajiya, ta nan baƙinki suke shigowa." Ya sa roba a gindin ƙofar, ya toshe tsagar bango da siminti. Na fitar da tarin kwalaye da ke ƙarƙashin gado, na daina barin kwanuka su kwana ba wanki. Kyankyaso ya ja baya, tautau ya rasa abin ci ya bi shi. Ga sauro ya ragu, yara suna barci taga a buɗe lokacin zafi. Wallahi har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'a.

Feshi kuwa na taɓa saya. Ƙwaron da feshin ya samu kai tsaye ya mutu, ɗaki ya kwana da wari, bayan ɗan lokaci wasu suka dawo.

Ba ki tambaya ba, amma don Allah ki kiyayi masu yawo a kasuwar Kejetia da tashoshin mota da ruwan magani a kwalba babu suna, babu lambar rajistar EPA, wato hukumar kare muhalli. Sau da yawa maganin gona ne aka sirka. Wanda ya fi muni shi ne ƙwayar nan ta adana hatsi da wasu ke cewa a ajiye a ɗaki. Iskar guba take fitarwa. A 2018 yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a Accra ta dalilinta, Allah Ya jiƙansu. Ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa.

Wannan da ke bayan firji, kada ki buge ta da silifa, jakar na iya fashewa 'ya'yan su watsu. Ki kifa mata robar abinci mai faɗi, ki zura kwali ta ƙasa, a kai ta bayan gida can nesa. In kafinta ya zo ki ce ragar mai ƙananan ido kike so, ki tsaya a kansa ya buga katako a duk gefunanta, domin tautau ta 'yar tsaga yake kutsawa.