Arnis da Kung Fu: Sanda Ko Ƙafa?

A Filifin, tun ranar farko ake danƙa wa ɗalibin Arnis, wato wasan faɗan gargajiya na ƙasar, sandar ratan (wani icce mai kama da gora) mai tsawon kusan santimita 70. Ya fuskanci abokinsa, sanda na dukan sanda, ƙwas-ƙwas, har ido ya gane ta inda bugu ke zuwa. Faɗa da hannu zalla sai daga baya. A 2009 aka mai da Arnis wasan ƙasa.

Kung fu na Shaolin, wani gidan ibadar mabiya Buddha a lardin Henan na Sin, daga ƙafa yake farawa: tsayuwar mahayin doki, gwiwa a lanƙwashe, cinya na karkarwa. Makami sai an haddace jerin motsi.

Ni dai Arnis ya fi kwanta mini, don da wuri ake sabawa da bugu. Amma ƙarfin ƙafar 'yan Shaolin kam, sai dai a sara musu.