Fasa jajayen ƙwayoyi ko Ficoll: wanne ya dace da jinin yara?

Malama, kin tambayi hanyar da ta fi dacewa wajen raba fararen ƙwayoyin jinin yara da jajayen, to tunda jinin da za ki samu daga kowane yaro bai wuce mililita 1 ko 2 ba, kuma kina son ganin limfosait na T da na B tare da niyutirofil (dukkansu nau'o'in fararen ƙwayoyin jini) a na'urar fulo-saitomita, wato na'urar da ke ƙirga ƙwayoyi tana tantance su da haske, ki ɗauki hanyar fasa jajayen ƙwayoyin jini, ki ajiye maganar Ficoll, ruwan da ke raba ƙwayoyin jini gwargwadon nauyinsu, sai wani aikin.

Da wannan hanyar muke aiki a ɗakin bincikenmu, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Maikirolita 100 na jinin da aka ɗiba a kwalbar EDTA, sinadarin da ke hana jini sandarewa, ya isa gwaji ɗaya. Za ki zuba antibodi, wato furotin mai rini da ke manne wa ƙwayoyin da ake nema, a kansa, ki bar shi minti 15 zuwa 20 a cikin duhu, sannan ki ƙara mililita 2 na ruwan fasawa, ki jira minti 10, ki juya a santirifuj, injin da ke juyi da sauri har ƙwayoyi su kwanta, na minti 5, ki wanke. Idan da hannu za ki haɗa ruwan, amoniyam kuloraid ne milimola 150 da fotashiyam baikabonet milimola 10 a kowace lita da EDTA kaɗan, pH ɗinsa tsakanin 7.2 da 7.4. Jajayen ƙwayoyi suna shan ruwa har su kumbura su fashe, fararen kuwa suna jurewa na ɗan lokaci, shi ya sa ba a wuce minti 10 ana jira. Ruwan fasawa na sayarwa mai suna FACS Lysing Solution na kamfanin BD yana ɗauke da fomaldihaid, don haka yana sandarar da fararen ƙwayoyin su ajiyu, amma matattu ne, ba za su yi amfani a wani gwajin da ke buƙatar ƙwayoyi masu rai ba.

Akwai ranar da aka kawo mana samfuran yara daga ɗakin kwanciya, wasu ɗigo kaɗan ne a gindin kwalba, ga shi iyaye ba za su yarda a sake sukar yaransu ba, mu ma ba za mu nema ba. Kafin azahar mun gama da su duka, har jini ya rage na maimaita gwaji. Da muka ɗora CD45, alamar da ke jikin fararen ƙwayoyi, a kan hasken da ke watsuwa gefe a jadawalin na'urar, limfosait da monosait da giranulosait (rukunin da niyutirofil ke ciki) kowanne ya tsaya a wurinsa sarai. Tun daga ranar na daina kallon wannan hanya a matsayin ta masu gaggawa kawai.

Ficoll ɗin ma yana aiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba, tun 1968 da Arne Bøyum ɗan ƙasar Nowe ya wallafa tsarin ake amfani da shi. Sai dai nauyinsa giram 1.077 ne a kowace mililita, wato limfosait da monosait ne ke tsayawa a samansa, niyutirofil ɗin da kike nema kuwa su nutse ƙasa tare da jajayen ƙwayoyi. Ga juyi na minti 30 zuwa 40 ba tare da birki ba, ga wanki sau biyu, kuma yana son ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 20, abin da ke da wuya a watan Afrilu idan aka ɗauke wuta. Kwalbar da na saya da tsada tana nan a kabad, ba na buɗe ta sai idan za mu daskarar da ƙwayoyi a ruwan naitirojin ko mu raine su.

Wuri ɗaya ne za ki yi hattara. Jajayen ƙwayoyin masu sikila da na jarirai sabbin haihuwa suna da taurin fashewa, kuma sau da yawa akwai waɗanda ba su gama nuna ba, masu cibiya (niyukiliyas) a ciki, waɗanda kan faɗa cikin yankin limfosait su ɓata lissafi. Tunda sikila ta yi yawa a tsakanin yaranmu, ki sa antibodin CD45 a kowace kwalba, kuma idan kin ga abin da ya kwanta a gindi yana da ja sosai, ki sake fasawa karo na biyu na ɗan gajeren lokaci. Ki yi ƙoƙari kuma ki gama da jinin cikin awa 24 da ɗibarsa, domin niyutirofil ne ke fara lalacewa.

Ba ki tambayi wannan ba, amma ki kula da dillalan kayan gwaji. Akwai masu liƙa sabuwar takarda a kan antibodin da ya gama aiki, akwai kuma masu kawo shi a jaka babu ƙanƙara, alhali digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, nesa da haske. Rinin da ake maƙala wa antibodi irin su PE-Cy7 ba sa jure wannan sakaci, kuma sai kin ɓata jinin yara kafin ki gane. Ki nemi lambar rukunin kayan da takardar shaidar ingancinsu, ki duba su a shafin kamfanin da ya yi su, kada kuma ki biya cikon kuɗi sai kin gwada da jinin mai lafiya.