Memorin Tsoffin Fina-finan Ɓarayi da 'Yan Sanda Daga Wani Shago a Tudun Wada

A wani ɗan shagon tura fina-finai da ke kusa da Kasuwar Barci, a Tudun Wadar Kaduna, na sa aka loda mini tsoffin fina-finan Amurka guda 12 a memori, dukkansu baƙi da fari. Saurayin da ke kan kwamfutar sai da ya sake dubana, ya ce, "Baba, waɗannan fa ko kala babu, kuma ba a fassara su ba," domin a wurinsa Indiya-Hausa da masu dogon zango su ne kasuwa. Duk da haka ya nemo su cikin haƙuri, kuma kuɗin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba.

Yawancinsu na jerin Boston Blackie ne, wanda kamfanin Columbia ya fitar guda 14 tsakanin 1941 da 1949, ɗan wasa Chester Morris yana fitowa a matsayin tubabben ɓarawo mai wannan suna. Kusan kowanne tafiyarsa ɗaya ce: a yi sata ko kisa, Sufeto Farraday ya ɗora masa laifin saboda tsohon halinsa, shi kuma ya zille wa 'yan sanda, wani lokaci da ɓad-da-kama, har ya kamo mai laifin da hannunsa. Mai kallo ya san ƙarshen tun daga farko, amma hakan bai rage daɗin komai ba, kamar yadda yaro yake sanin Gizo zai kuɓuta amma ba ya barin wurin tatsuniya. Ko da ma dokar tace fina-finai da aka fara tsanantawa a Amurka a 1934 ba ta yarda mugu ya ci bulus ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙarancin kuɗi ya zame musu alheri. A wancan zamani gidajen silima suna nuna fim biyu da tikiti ɗaya, kuma irin waɗannan su ne na rakiya, don haka ake ɗaukarsu cikin 'yan makonni, tsawonsu kuma bai cika wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Wanda ba shi da kuɗin ɓarnatarwa ba ya jan zance, shi ya sa kafin minti goma an riga an yi aika-aikar, an kuma fara tsere. Dabarun ɗaukar fim ɗin ma a fili suke. Akwai inda jarumin yake ta murza sitiyari hagu da dama alhali titin da ake haskawa a bayansa miƙe yake sambal, jikana ya lura da haka ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa abin ya tuna mini da fina-finan Hausa na kaset a shekarun 1990, lokacin da falo ɗaya kan zama gidan attajiri yau, gobe kuma ofishin lauya.

Aikin shagon yana da nasa naƙasu. Biyu daga cikin fina-finan muryarsu tana riga motsin baki, ɗaya kuma ya yanke daidai lokacin da aka tara waɗanda ake zargi a ɗaki guda domin a tona asiri, wanda a irin wannan fim daidai yake da a ɗauke wa mutum kwano yana tsakiyar cin tuwo. Rashin fassara shi ma matsala ne, domin rabin armashin yana cikin baƙar maganar da ɓarawon da sufeton suke jefa wa juna, kuma Turancin nasu da sauri yake fita.

Da na koma da ƙorafi, saurayin ya sake tura mini wanda ya yanke ba tare da ya nemi ko sisi ba. Duk mai niyyar zuwa, ya sa a buɗe masa ƙarshen kowane fim a kan kwamfutar kafin ya zare memorinsa.