Cody Rhodes ko Gunther: wa ya ci shekarar 2024?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Cody Rhodes da Gunther wane ne gwarzon 2024, tunda shekarar ta ƙare manyan kambunan WWE biyu suna hannunsu, ka kuma ce kada a ba ka amsar 'yan siyasa. To ga amsa kai tsaye: ni Gunther na ɗauka. Sai dai ka daure ka karanta har ƙasa, domin wanda ban ɗauka ɗin ba shi ne ya sa sahur ya huce a gabana.

Mu fara sallamar masu cewa "ai resilin duk shiri ne". Mun sani. Tun a ofis ake tsara wanda zai ci, kamar yadda ake rubuta ƙarshen fim. Shi ya sa ba a auna ɗan resilin da yawan kayen da ya yi, yadda za a auna ɗan kokawa ko ɗan dambe. Ni abu biyu nake dubawa. Kafin a kaɗa ƙararrawa, ya sa na damu da wanda zai ci? Bayan an kaɗa, ya mantar da ni cewa shiri ne? A na farko Cody ya yi wa kowa fintinkau. A na biyu kuwa Gunther ba shi da na biyu.

Labarin Cody gado ne. Mahaifinsa, Dusty Rhodes, ya kara da Superstar Billy Graham a Madison Square Garden a 1977, ya ci wasan, har ya ɗaga kambun sama, amma aka karɓe saboda nasarar ta ƙirgen waje ce, kuma a ƙa'ida kambu ba ya sauya hannu da irin wannan. Har ya rasu a 2015 bai riƙe kambun nan ba. Shi kuma ɗan, a zamansa na farko a WWE an mayar da shi abin dariya, ana shafa masa fenti a fuska ana ce masa Stardust. A 2016 ya tattara nasa ya nasa ya bar kamfanin, ya zaga ƙananan filaye, ya shiga cikin waɗanda suka kafa wani kamfanin resilin, AEW, a 2019, sannan ya dawo a 2022 yana cewa sai ya ƙarasa labarin da ubansa ya fara. A shekarar ce ya shiga keji da Seth Rollins tsokar ƙirjinsa a tsinke, rabin ƙirjin ya yi baƙi ƙirin da taruwar jini. Wannan kam ba fenti ba ne. A 2023 ya ci Royal Rumble, wasan mutum 30 da wanda ya ci ke samun damar neman kambu a WrestleMania, ya isa gaban mai kambun, Roman Reigns, Solo Sikoa ya yi masa ƙafar ungulu, aka tashi bai samu komai ba.

Saboda haka da 2024 ta kama, mutane sun riga sun ƙosa. Ya sake cin Royal Rumble a watan Janairu, CM Punk ne na ƙarshe da ya wurga waje, abin da rabon a ga mutum ya ci sau biyu a jere tun Steve Austin a 1997 da 1998. Kwatsam sai ga The Rock, aka nemi a ture Cody gefe a haɗa Rock da Roman, 'yan gida ɗaya, su kara. 'Yan kallo suka ce ba su san zance ba. Ihu a filaye, zagi a intanet, har kamfanin ya janye ya mayar da Rock ɗin bos. Ka riƙe wannan a lissafin Cody: ba kowane akta ne jama'a za su yi wa The Rock ihu saboda shi ba.

WrestleMania ta 40 a Filadelfiya aka yi ta, ranakun 6 da 7 ga Afrilu, mu kuma muna cikin goman ƙarshe na azumi. Dare na biyu na dawo daga tahajjud, uwargida ta ajiye mini ɗumamen tuwo da shayi, na jingina waya da fulas na ce bari in leƙa. Ashe na faɗo daidai kan gaɓa. Jimmy Uso ya shigo taimakon Roman, ɗan'uwansa Jey ya tare shi. Solo ya shigo, John Cena ya fito masa. Rock ya fito ya kwantar da Cena. Sai fitilu suka ɗauke, aka ji ƙararrawar nan da duk wanda ya tashi yana kallon kaset ɗin resilin ya sani, da haske ya dawo ga Undertaker tsaye a bayan Rock. Na yi ihu har yaro ya farka. Wurin da ya fi burge ni ma ba wannan ba ne. Roman ya ɗauki kujera, ga Cody a gabansa, ga Seth Rollins can gefe cikin kayan tsohuwar ƙungiyarsu ta Shield. Shekara goma da suka wuce Seth ya ci amanarsa da dukan kujera a gadon baya. Maimakon ya gama da Cody, sai zuciya ta ɗebe shi ya rama tsohon bashi. Nan Cody ya samu ƙofa, ya yi masa dukansa na kashe wasa, Cross Rhodes, sau uku, alƙalin wasa ya ƙirga. Mulkin kwana 1,316 ya zo ƙarshe. Da na waiwayi tuwo, miya ta riga ta yi sanyi, uwargida kuma tana kallona kamar wanda ya taɓu.

Da a ce da dare ɗaya ake auna shekara, da an rufe magana a nan. Mujallar resilin ta PWI ma shi ta sa a lamba ta ɗaya cikin jerin 500 ɗinta na shekarar, kuma ban ga laifinta ba.

Matsalar ita ce shekara ba ta ƙarewa a Afrilu. Mafarauci yana da daɗin kallo ne lokacin da yake bin sawu. Da ya saɓo nama sai kowa ya kama gabansa. Wasan Cody da AJ Styles a Liyon ta Faransa ya yi kyau ƙwarai, amma rabin daɗin na 'yan kallon Faransa ne da suka kusa tsaga rufi da waƙa. Na Logan Paul a Jidda, ko ɗan yaye ya san kambun ba zai motsa ba. Na Solo Sikoa a SummerSlam kuwa, ka tambayi kowa abin da ya tuna, zai ce maka dawowar Roman Reigns. Mai kambu yana tsaye, amma hankalin jama'a yana kan rikicin gidan Bloodline na su Roman da Solo. A Survivor Series ko wasa ba a ba shi ba. Sai da Kevin Owens ya far masa a wajen ajiye motoci bayan Bad Blood a Oktoba, yana jin haushin Cody ya haɗa kai da Roman ɗin da suka sha wuya a hannunsa, sannan mulkin ya sake samun gishiri. Kuma ka lura, can ma Owens ne ke da hujjar da ta fi kama hankali.

Shi Gunther ba shi da uban da za a rama wa. Walter Hahn sunansa, ɗan Biyana ta Ostiriya, ya yi shekaru yana gogewa a ƙananan zaurukan Jamus da Ingila, ya riƙe kambun NXT UK kwana 870. Kayan aikinsa ba su da yawa: baƙin ɗan kamfai, takalmi, doguwar kwat, hannaye a goye a baya. Ba ya tashi sama kamar jemage, ba ya rawa, ba ya neman a so shi. Takensa shi ne filin wasa wuri ne mai alfarma, ba dandalin wargi ba.

Abin da na fi so a wajensa shi ne ba ka san da me zai kashe wasa ba. Yawancin 'yan resilin na yanzu suna da duka guda da aka san su da shi, sai ka zauna kana jira, ka san kafin shi ba za a ƙirga uku ba. Gunther yau ya ɗaga mutum ya maka shi da ƙasa, gobe ya shaƙe shi har ya sume, jibi ya sheme shi da damtse ɗaya a wuya a ƙirga uku. Wannan ne ke hana ka ɗauke ido. Ga kuma marin ƙirjin nan nasa. Shiri ko ba shiri ba, tafin hannun ƙato ne yake sauka a kan fata, ƙarar kamar an fasa tayar mashin, kuma kana kallo shatin yatsu yake fitowa ja wur. Na taɓa nuna wa wani ƙanena mai son dambe, wanda kullum yake mana dariya. Ya karɓi wayar ya mayar da wurin baya sau uku, sannan ya ce, "Yaya, wannan kam ko nawa za a ba ni ba zan tsaya ba."

Abin mamaki, shekararsa da faɗuwa ta fara. Ya shigo 2024 da kambun Intercontinental da ya karɓa hannun Ricochet tun Yunin 2022, ya riga ya shafe tarihin Honky Tonk Man na kwana 454. A daren farko na WrestleMania Sami Zayn ya karɓe shi bayan kwana 666. Ka koma ka kalli wasan nan, ka ga yadda bos na ƙwarai yake faɗuwa. Ya yi wa Sami lilis, ya samu damar gamawa, sai girman kai ya sa ya tsaya yana yi wa matar Sami izgili a bakin fili. Raini ne ya kayar da shi, kuma faɗuwar ta ɗaga Sami ba tare da ta rage wa Gunther kwarjini ba. Na san da yawanmu Sami muke goyon baya a daren, tun ranar da ya fito a Jidda cikin farar jallabiya ya yi jawabi da Larabci, ni ma ina ciki.

Daga nan sai hawa. A gasar King of the Ring ta watan Mayu ya bi ta kan Sheamus, ya bi ta kan Kofi Kingston haifaffen Kumasi, ya bi ta kan Jey Uso, ya gama da Randy Orton a Jidda. Ranar 3 ga Agusta ya karɓi kambun duniya na masu nauyi a hannun Damian Priest.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka bari in faɗi inda gwanina ya yi rauni kafin ka faɗa mini. A Jidda kafaɗar Orton ba ta ƙasa lokacin da aka ƙirga uku, kowa ya gani. A SummerSlam sai da Finn Bálor ya ci amanar Priest, ɗan ƙungiyarsu. A Survivor Series ma Bálor ɗin ya sake sa hannu. Mutumin da ya yi kusan shekara biyu yana kayar da maza da ƙarfin damtsensa, sai ga shi babban kambu yana zuwa masa ta ƙofar baya. Wannan ya ba ni haushi, kuma masu tsara labarin nake ba laifi.

Amma akwai Berlin. Ranar 31 ga Agusta aka sake haɗa shi da Orton don a wanke waccan ƙurar, a gaban mutanen da suka san shi tun yana Walter. Sama da rabin awa suna abu ɗaya, a tsanake, babu mai shigowa, babu fitilar da ta ɗauke. Orton ya bi hannunsa da duka, a ƙarshe Gunther ya maƙale masa a baya ya shaƙe shi har tsohon macijin ya sulale. Suka yi musabaha. Babban daren Cody sai da aka tara Cena da Rock da Undertaker da Seth kafin ya kai inda ya kai. Na Gunther mutum biyu ne da alƙali.

Za ka ce ai sun haɗu, kuma Cody ne ya ci. Haka ne, a Riyad ranar 2 ga Nuwamba, wasan da muka samu muka kalla da wuri ba tare da an kashe mana barci ba. To amma yaya ya ci? Cody ya taso daga saman igiya, Gunther ya cafe shi a iska ya shaƙe, Cody ya wuntsila da baya ya danne masa kafaɗu, aka ƙirga uku yana cikin shaƙar. Kamfani ya nuna maka wanda yake so a gaban fasta, ya kuma kiyaye kada a ce an fi ƙarfin ɗayan. Idan ma tarihin haɗuwa za mu bi, a Royal Rumble ta 2023 Cody ne ya fitar da shi, amma Gunther na farko ya shiga ya yi sama da minti 70 a ciki, Cody kuwa na 30 ya shigo da ƙarfinsa.

Wani zai ce duk mun yi ɓatan kai, Drew McIntyre ne ya fi su. Ba zan yi musu da ƙarfi ba. Mutumin da ya riƙe kambu ƙasa da minti shida a WrestleMania, ya shafe wata shida yana rigima da CM Punk har a kan ɗan abin hannu mai sunan iyali, suka ƙare jina-jina a cikin keji, ya cancanci a ambace shi. Na ajiye shi ne don ba shi ka tambaya ba. Haka shi ma ɗan ƙasarmu Oba Femi da ya riƙe kambun Arewacin Amurka na NXT daga Janairu zuwa Oktoba. Ranar da za a haɗa shi da Gunther, ko rance ne sai na ci na sayi data.

Idan ɗanka ne ke son fara kallo, nuna masa Cody, zai samu akta mai kwat da taye, yana cire ɗamararsa ya miƙa wa yaro a bakin fili. Idan kai ne, ka samu daren da ba ka da uzuri, ka ɗauko wasan Filadelfiya da na Berlin ka kalle su a jere. Na Berlin ɗin ka sa abin ji a kunne saboda marin.