Zafin Fulorida ba irin na Sakkwato ba ne

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, da Inna, da sauran mutanen Mabera baki ɗaya. Saƙon muryarka ya same ni a bakin aiki, sai da dare na saurare shi a natse. Ka ce yaronka da ke Shikago ya gaji da sanyi, yana son ya tattara nasa ya nasa ya sauko Fulorida kusa da ni, kuma kana son jin ta bakina kafin ka sa masa albarka. Maganar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ban ga laifinsa ba. Ni ma sanyin ne ya koro ni daga Minesota zuwa Tampa a 2021. Wanda bai taɓa fitowa kafin asuba ya tarar ƙanƙara ta binne masa mota ba, ya ɗauki shebur yana haƙa hannuwa na ƙonewa cikin safa, ba zai gane ba. A watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu. A nan kuwa watan Janairu kamar hunturunmu yake idan ka cire ƙura: da safe ka ɗora riga mai ɗan kauri, kafin azahar ka tuɓe ta. Gwiwar nan tawa da ke damuna tun ina Miniyapolis ta lafa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ban san inda ya fi nan daɗin zama a Amurka ba, shi ya sa tsofaffin arewacin ƙasar da na Kanada ke kwararowa su cinye lokacin sanyi a nan, su cika tituna da asibitoci, zafi na kamawa su koma.

To amma da girman kai na zo. Duk wanda ya ce mini Fulorida da zafi sai in yi dariya, in ce ni ɗan Sakkwato ne, garin da ma'auni ke haura 42 a watan Afrilu mutane na azumi suna kasuwa. A nan da wuya ya wuce 35. Ashe lambar ba ita ce magana ba. Zafinmu busasshe ne. Ka samu inuwar dogon yaro ka zauna, ka yayyafa ruwa a tsakar gida, ka ɗebi na randa, da dare ka fito da tabarma waje, kana iya rayuwa. Na nan jiƙaƙƙe ne, teku ta gabas teku ta yamma, iskar kanta ruwa ce. Zufa ta fito maka ba ta bushewa, inuwa ba ta da wani amfani, dare bai bambanta da rana ba sosai. Daga Yuni zuwa Satumba kusan kullum bayan azahar hadari zai haɗo, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya da tsawa mai firgitarwa, cikin awa ɗaya a ɗauke, ƙasa ta fara tururi.

Shekarata ta farko, ana jibi babbar Sallah na buɗe akwatin da na ajiye a ɗakin shirgi don in ciro shaddar da ka ɗinka mini. Na tarar hunhuna ta yi wa takalmin fatar da na saya a Babbar Kasuwa fari fat, hular ma duk ta yi tabo, shaddar na warin rima. Maman yara ta wanke ta shanya a baya, har washegari ba ta bushe ba, sai da muka sa ta a injin busarwa. A gida ko a tsakiyar damina ban taɓa ganin haka ba. Tun daga ranar na daina kashe esi idan za mu fita, don a nan esi ba kayan alatu ba ne, shi ke hana gida ruɓewa. Dare da rana yana aiki. Wuta kam ba a ɗauke ta, wannan gaskiya ne, ba mai zancen janareto ko sola sai lokacin guguwa, amma takardar kuɗin wuta ta watan Agusta takan ninka ta watan Fabrairu. Ranar da namu ya tsaya, mai gyara ya caje ni kuɗin zuwansa tun bai taɓa komai ba, kuɗin aiki daban, na kayan gyara daban. Na tuna yaron nan na bakin titinmu da zai kwance fanka ya naɗa mata sabuwar waya, ka ba shi abin da ya sauwaƙa har ya yi maka godiya.

Abin da ya fi jan mutane zuwa nan bayan rana shi ne haraji, kuma na san shi yaronka ke lissafi. Jihar Fulorida ba ta karɓar harajin albashi ko kwabo, na gwamnatin tarayya kaɗai ake cirewa. A Minesota na jiha yana farawa daga kashi 5.35 cikin ɗari ya hau har 9.85, a Ilinoi inda yake kashi 4.95 ne ga kowa. Ranar da na karɓi albashina na farko a nan har hoton takardar na ɗauka. Harajin saye kashi 6 ne, ƙaramar hukuma ta ɗora ɗan nata, kuma ba a sa shi a kan kayan abinci irin su shinkafa da nama da madara.

Murnar ba ta yi wata uku ba inshora ta zo ta karɓe abin da haraji ya bar mini, har da ƙari. Inshorar mota dole ce, kuma tana cikin mafi tsada a ƙasar. Motar nan guda, ni ɗin nan guda, ban taɓa buge ko kaza ba, canza adireshi kawai na yi kuɗin ya yi tsalle. Kuma ba yadda za ka yi ba mota. Ba kabu-kabu, ba keke, motocin haya na gari jefi-jefi suke zuwa, ba kamar Shikago da yake shiga jirgin ƙasa ya je aiki ba. Manyan hanyoyi da dama kuma na biya ne, ba shinge ba mai karɓa, wata 'yar takarda ce ake liƙa wa gilashi, SunPass, kana wucewa tana zarar kuɗi daga asusunka ba ka ji ba.

Ta gida ta fi muni. Kamfanonin inshora da yawa sun karye ko sun bar jihar a 'yan shekarun nan saboda asarar guguwa da yawan shari'o'i, har gwamnatin jiha na da nata kamfanin, Citizens, don waɗanda aka ƙi karɓa. Ko ka biya, ba ta ɗaukar ambaliya, wannan wata inshora ce daban, galibi ta gwamnatin tarayya. Idan kuma guguwa ce ta yaye maka rufi, sai ka fara biyan wani kaso na darajar gidan daga aljihunka, kashi 2 ko 5 ko ma 10 cikin ɗari, kafin su sa hannu. Kada yaronka ya ce ai shi ɗan haya ne bai shafe shi ba. Mai gida ba ya haɗiye asara, cikin kuɗin haya yake zuba ta, ni sau uku aka ƙara mini. Ga shi albashin nan bai kai na can ba. Mafi ƙarancin lada a awa ya zama dala 14 a Satumban 2025, zai kai 15 a Satumban 2026 bisa ƙuri'ar da aka kaɗa a 2020, alhali Shikago tuni ta wuce dala 16.

Guguwar kanta sai wanda ya gani. Lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne, rabin shekara ke nan mutum na kallon taswirar teku a waya kamar manomi na duban gabas. A 2024 biyu muka sha cikin mako biyu. Helene ta wuce ranar 26 ga Satumba, ba a kanmu ta sauka ba amma ta turo ruwan teku cikin unguwannin bakin gaɓa. Mutane ba su gama fitar da jiƙaƙƙun katifu bakin titi ba aka ce ga Milton nan. An raba unguwanni da haruffa, A ita ce mafi kusa da ruwa, idan aka kira harafinku sai ku fita. Namu ba a kira ba, muka zauna. Na bi layin yashi da hukuma ke rabawa kyauta na cika buhuna na jera a bakin ƙofa, na zagaya gidajen mai huɗu kafin na samu, kantuna kuwa an kwashe ruwan roba da burodi tas. Daren 9 ga Oktoba ta sauka kudu da mu, wajen Sarasota. Muka shige banɗaki da yara da katifa guda don shi kaɗai ne ba taga, ƙaramar na riƙe da wuyana, iska na wani irin kuka da ban taɓa ji ba, maman yara ba abin da take maimaitawa sai hasbunallahu. Da gari ya waye bishiyar maƙwabci ta kwanta a kan shingenmu, aka ce ta yaye rufin babban filin wasa na Sen Fitasbag, garin da ke maƙwabtaka da mu, gidaje da shaguna sama da miliyan 3 ba wuta. Mu kwana huɗu muka yi. Naman da ke firiji duk na gasa shi a gawayi muka raba da maƙwabta kafin ya lalace, su suna ta mamakin yaji.

Ambaliyar 2010 ta faɗo mini a rai, lokacin da ruwan Goronyo ya cinye gadar Jami'ar Danfodiyo har aka koma tsallaka Rima da kwalekwale. Bambancin, a nan an san ranar zuwanta tun saura kwanaki, kuma washegari za ka ga jerin motocin gyaran wuta daga wasu jihohi sun cika hanya. Ta nan kam sun yi mana nisa, ba gardama. Sai dai wanda ruwa ya shiga gidansa watanni zai yi yana cike takardu yana jiran waya.

Wajen abinci na fi jin daɗin nan. Mangwaro na yi, gwanda na yi, rake gonaki ne iya ganinka kudu da tafkin Okicobi. Na dasa zogale a bayan gida ya fi ni tsawo cikin wata biyar, kuɓewa kullum sai an tsinka. Soborodo ma ana nomansa, tsofaffin 'yan jihar sun san shi tun da daɗewa. Saboda mutanen Haiti da Jamaika da Kuba, rogo da doya da ayabar suya da naman akuya ba sa wuya, kodayake akuyar daskararra ce, wani lokaci daga Ostireliya, ba ta kama ƙafar jar akuyarmu ta Kara ba. Lemon da jihar ta yi suna da shi kuwa wata cuta ta kama itatuwan tun 2005, gonaki da yawa sun zama gidaje. Albasa manya-manya ce, kyau a ido, amma sai ka yanka uku kafin miya ta ji abin da guda ɗaya ta Aliero ke yi. Gero sai shagon Indiyawa, da shi maman yara ke dama fura da yogot, muna sha muna haƙuri.

Inda na yi asara shi ne jama'a. A Miniyapolis 'yan Somaliya sun yi yawa, mahautan halal ko'ina, kuma tun 2023 aka yarje wa masallatai su yi kiran salla da lasifika sau biyar a rana. Tampa ma akwai masallatai da makarantun Islamiyya masu kyau, Larabawa da 'yan Pakistan sun yi ƙoƙari, amma komai sai ka tuƙa mota. Hausawa kuwa a warwatse muke, sai Sallah ko suna ke haɗa mu. Abu guda da na samu sauƙi, dare da rana ba su da irin tazarar can, azumi ko ya faɗo tsakiyar lokacin zafi bai yi tsawon na Minesota ba.

Ka ce Inna na tambaya ko gaskiya ne akwai kada a cikin gari. Awo, gaskiya ne. An ƙiyasta sun kai miliyan 1.3 a jihar, kuma duk wani kududdufi a ɗauka akwai shi. Bayan gidajenmu akwai wani, na sha ganinsa yana shan hantsi. Ba ya kula kowa, amma na hana yara zuwa bakin ruwan. Ni sauro da manyan kyankyasai masu tashi sun fi damuna.

In da zai ji tawa, kada ya yanke shawara a kan ziyarar Janairu, kowa ya zo a Janairu sai ya rantse ya ga wurin zama. Ya ɗauki hutu ya zo mini a Agusta ya yi mako biyu, ya fita da rana tsaka ya ji. Kada ya ajiye aikin can sai ya riƙe na nan a hannu, a rubuce, da inshorar lafiya a ciki, don asibitin nan ba a shigarsa da fatan alheri. Ya kira masu inshorar mota ya ba su adireshina su faɗa masa farashi tun yana can. Idan zai kama haya ya duba harafin unguwar, ya guji hawa na ƙasa kusa da ruwa komai arharsa. Ni dai ba zan koma cikin ƙanƙara ba, gwiwata ba za ta yarda ba, amma shi yaro ne da jini a jika, kuma in kuɗi yake son tarawa ya yi aure ya kammala ginin nan na Arkilla, ina ganin can ya fi masa a yanzu.

Idan an samu mai tahowa a haɗo mini kuka da daddawa da yajin Inna, a ɗaure su da kyau, kuma ya bayyana su a filin jirgi. Kilishi kada a sake a sako, ba a shigo da nama, na bara a kwandon jami'an kwastan ya ƙare ina ji ina gani. Ka gaida Inna, ka ce mata zogalen nan daga irin da ta ba ni ne.