Baƙin man tirela: wanne za ka zuba, kuma yaushe za ka yi juye?

Mai tirela ko tanka da ya shiga shagon baƙin mai iri uku zai tarar: mai na gama-gari mai lamba 15W-40, da sintetik (wanda aka haɗa da sinadarai a masana'anta) mai lamba 10W-40 ko 5W-30, sai kuma mai kaurin nan SAE 40 da ake aunawa da gwangwani a bakin titi. Na ukun mu ajiye shi tun yanzu. Wanda ya zuba miliyoyi ya sayi kan DAF ko MAN ba shi da abin yi a wajen.

Ni dai in an bar ni da zaɓi, sintetik 10W-40 mai alamar ACEA E4 (ƙa'idar ingancin mai ta kamfanonin motocin Turai) zan ɗauka, irin su Shell Rimula R6 M ko Rubia TIR 8600 na Total. Dalili na farko zafi ne. Mota ta ɗauko siminti ko taki, ta hau tudu a watan Afrilu, direba ya tsaya ya kashe inji nan take, man da ya rage a cikin tobo (na'urar da ke tura wa inji iska) sai ya dahu. Na gama-gari yakan ƙone ya bar baƙin dasashi ya toshe hanyar mai, sintetik kuwa yana jurewa, ba ya saurin yin kauri ko ƙafewa. Da asuba lokacin hunturu ma ya fi saurin zagaya inji.

Dalili na biyu shi ne gas ɗin da muke sha. Sinadarin salfa da ke cikinsa in ya ƙone yakan zama asid, kuma baƙin mai ne ke kashe kaifinsa. Ƙarfin wannan kariya shi ake aunawa da lambar TBN, ƙa'idar E4 kuwa ta ce kada ta gaza 12. A Turai salfa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Mu nan Najeriya an daɗe ana yarda da har 3,000, sai a 2020 ECOWAS ta amince a sauko zuwa 50. To amma wa zai rantse maka a kan abin da yaron mota ya sha a jarka tsakanin Mokwa da Tegina? Shi ya sa nake son mai da ke da rarar ƙarfi.

Na gama-gari 15W-40 mai alamar CI-4 (ƙa'idar Amurka) ko E7 (ta Turai), kamar Delvac MX ko Rimula R4 X, ba shi da laifi ga tsohuwar Mack ko Howo da ta fara shan mai, muddin za a riƙa juye a kan kari. CK-4 da ya fito a Disamban 2016 da kuma E6 an yi su ne domin motoci masu matatar hayaƙi da gas mai tsabta. In motarka na da matatar, dole ne. FA-4 kuwa siriri ne na sababbin injinan Amurka, kada ma a kawo maka shi.

Sai batun tsawaita juye, wanda da shi ake yaudarar mutane. Gaskiya ne kamfanonin Turai kan yarda mota ta haura kilomita 100,000 da mai ɗaya, amma a kan titi mai santsi, da kaya daidai kima, da gas mai kyau. Tamu motar tana shaƙar ƙurar hunturu, tana ɗauke da lodi fiye da ƙarfinta, ta kwana a layin tashar jiragen ruwa ta Apapa inji na aiki mita ba ta motsi. Ƙura yashi ce, babu man da ke narkar da ita komai tsadarsa. In ka saba juye a kilomita 10,000, kada ka yi tsalle zuwa 60,000. Ka kai 20,000, ka ɗebi ɗan kaɗan a kwalba mai tsabta mai yana da ɗumi, ka aika ɗakin gwaji su duba ƙarfe da yashi da toka da gas da ruwan lagireto a ciki. Abin da suka ce shi zai ba ka damar ƙarawa. Baƙin da mai ya yi ba hujja ba ne, man injin dizal kwana kaɗan yake yi ya yi baƙi. Filtar mai da ta iska kuma su zama na asali, in ba haka ba kuɗin sintetik ɗin ya tafi a banza.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan abin da ke cikin jarkar ba shi ne aka rubuta a jikinta ba. An taɓa sayar mini da jabu a jarka mai hatimi tsaf, tobo ya tafi, metal na cikin inji ya bi baya, mota ta yi zaman gareji da kayan mutane a kanta. Masu wannan sana'a ba sa wahalar da kansu a kan mai arha, mai tsadar suke kwaikwayo domin nan ribar take. Suna bin gareji-gareji suna sayen jarkokin da aka zazzage, su cika da tataccen tsohon mai ko ɗanyen mai marar sinadari, su sa kala, su manna murfi. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irin waɗannan kaya, amma kasuwar ba ta mutu ba.

Saboda haka sayi wajen dilan da kamfanin ya sani, ka karɓi rasit mai lambar kaya. Duba zoben murfi ko an taɓa ɗaga shi, duba ko lambar da aka buga a jarka ta goge ko an sake ta, ka shinshina: ƙaurin ƙuna alama ce ta tsohon mai. Wanda ya rage maka kuɗi sosai ƙasa da na dila, tambaye shi inda ya samo, araha ba ta ado. Mai motoci da yawa gara ya sayi duro mai lita 208 kai tsaye ya kulle a sito. Ranar juye kuma ka tsaya da kanka ko ka sa amintacce, don an sha ba bakanike mai na gaske ya zuba rabi ya ɓoye rabi. In an gama, a huda gindin kowace jarka kafin ta bar garejin.