Kwana uku a mota cikin duwatsun Girka

Ni da maigidana muka ɗauki shatar mota daga wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a Atina, kwana uku, da direba da masauki duk a cikin kuɗin. Zan faɗi abin da na gani, domin akwai abin yabawa sosai, akwai kuma abu ɗaya da har yanzu yake ci mini rai.

Direbanmu dattijo ne mai natsuwa, kuma shi ne ya riƙe tafiyar. Ya fara tsayawa da mu a gadar mashigin ruwan Korinti, wanda aka haƙa aka buɗe a 1893. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita shida, ka leƙa ƙasa sai ka ga ruwan can nesa kamar zare. Minti goma ya ishe ka a nan.

A Efidawros ne na fara gane dalilin zuwanmu. Dandalin wasan kwaikwayo ne da aka gina tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an sassaƙa shi a jikin tudu, yana ɗaukar mutum wajen 14,000. Na hau har sahun ƙarshe ina haki, maigidana ya tsaya a tsakiyar fili ya saki kwabo a kan dutse. Wallahi na ji ƙarar faɗuwarsa tar, kamar a gefena aka yar da shi. Ya yi magana a hankali, na ji kowace kalma. Babu lasifika, babu komai, dutse ne kawai da lissafin magina. Daga nan muka wuce kufan tsohon birnin Maisini, muka bi ta Ƙofar Zakuna, wadda ta haura shekara 3,000 a tsaye.

Rana ta biyu ita ce ta duwatsu. Direba ya tambaye mu ko za mu bi babbar hanya ko ta cikin tsaunukan Arkadiya, muka zaɓi ta biyu. Hanya ce siririya mai kwana-kwana, dutse a dama, rami a hagu. A Langadiya gidajen dutse suna jere a jikin tsauni, wani a kan wani, har ka rasa yadda aka kai kayan gini wurin. Mai saurin jiri ya sha magani tun da safe. Dattijon bai taɓa yin ganganci ba ko sau ɗaya, kuma da lokacin azahar ya yi, shi da kansa ya nema mana inuwa a gefen hanya muka yi sallah. Wajen abinci ma ya taimaka, don tsiren da ake sayarwa a can galibi na alade ne. Shi yake shiga ya tambaya mana, mu kuwa muka tsaya kan kifi da wake da ganye da man zaitun.

A Olimfiya, inda aka fara wasannin Olamfik a shekarar 776 kafin haihuwar Annabi Isa, na sa yatsun ƙafata a cikin tsagin dutsen da 'yan tsere suke tashi. Filin mita 192 ne, tsagin yana nan lafiya lau.

To, ga inda kamfanin ya gaza. Tallarsu ta nuna za a yi mana bayani a kowane wuri. Sai da muka isa muka gane cewa a Girka mai lasisin jagora ne kaɗai yake da izinin yi wa baƙi bayani a cikin wuraren tarihi, direba iyakarsa bakin ƙofa. Dokar ba laifi ba ce, laifin rashin faɗa mana tun farko ne. Abin ya fi yi mini ciwo a Delfi, a gangaren tsaunin Farnasos, wurin da tsoffin Girkawa suke ɗauka cibiyar duniya ce, sarakuna suna turo manzanni su nemi shawara a haikalin Afolo, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. Mun isa a makare bayan mun haye gadar Riyo, aka ba mu awa ɗaya da rabi. Muka hau tudu a gurguje, ga gonakin zaitun shimfiɗe a ƙasa har bakin teku, ban samu na zauna na ƙare musu kallo ba. Gidan adana kayan tarihin ma a guje muka ratsa shi, mutum-mutumin tagulla na mahayin karusa kallo ɗaya na yi masa.

Zan sake hawa motar wannan dattijo ba tare da wani tunani ba. Amma wanda zai je, ya nemi a rubuta masa ko akwai jagora mai lasisi a cikin kuɗin, ya kuma dage a kwana a Delfi ko a Arakoba da ke kusa, ya shiga wurin da sassafe kafin manyan motoci su iso.